Ta yaya za mu tantance malaman sa kai a Islamiyyarmu?

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Muna da Islamiyyar yamma a wani ƙauye kusa da Ringim, yawancin ɗaliban yara mata ne ƙanana. Wani matashi baƙo ya zo zai koyar kyauta, karatunsa kuwa ba laifi, amma mai unguwa bai san asalinsa ba. Na ce ya kawo takardar shaidar hali daga 'yan sanda, dattawa suka ce zargi ne, ba a yi wa mai taimakon addini haka. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Tun 2021 Jigawa ke da dokar kare yara. Shin ta shafi makarantar al'umma irin tamu? Wasiƙar dagacin garinsu da limaminsu ta wadatar? Yanzu dai mun hana malami keɓewa da yaro, ƙofar aji kuma a buɗe take. Don Allah, wanda ya sani ya taimaka.