Injin samfefa mai bel: in sayi babba na hannu ko ƙarami sabo?

Sabon Kafinta, Rigasa:
Salamu alaikum iyayen gidana. Wata Islamiyya ta ba ni aikin benci 40 da tebur 6, duk katakon malaina, sai saman teburan da za a yi da filawud. Gogar hannu ba za ta kai ni ba kafin a koma hutu. Ina da N90,000. Na ga injin samfefa mai bel guda biyu: wani babba na hannu a Panteka, bel ɗinsa milimita 100 da 610, an rubuta wat 1200, da wani ƙarami sabo a kwali, 76 da 457. Janaretana ƙarami ne, mai 950. Kuma yarona na shago ne zai fi riƙe shi, shekararsa 15. Wanne zan ɗauka? Wanda ya yi aiki da shi don Allah ya faɗa min gaskiya.

Ɗan Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ka sayi giranda kawai ka ɗaura mata faifan samfefa. Kowa a layinmu haka yake yi.

Mai Kujerun Kawo:
Giranda a saman benci? Zagaye-zagaye za ta bar maka, sai ka shafa banish sannan su fito fili kamar an yi zane. Mai bel a miƙe yake ci, yana bin jijiyar katako. Amma ƙanena, kada ka kusanci filawud da shi. Fatar saman siririya ce ƙwarai, ka tsaya wuri ɗaya na ɗan lokaci sai ka ga baƙin gam ya leƙo, shi ke nan allon ya tashi aiki. Teburan ka goge su da hannu.

Alhaji Mai Kayan Gini:
Na kamfanin Makita ka saya, ka huta. Nawa N180,000 na saye shi.

Ɗan Tudun Wada:
Alhaji wace shekara? Yanzu na asali ko N400,000 ba za a sallama maka ba. Wanda ake cewa N85,000 a kasuwa sitika ce kawai aka manna.

Baba na Panteka:
Ɗana, ni ba zancen kuɗi zan yi maka ba. Na ga ka ce yaro ɗan 15 zai riƙe, shi ya sa na kasa yin shiru.

Akwai wani ɗan maɓalli a gefen mariƙin injin nan, idan ka danna makunni ka tura shi sai injin ya ci gaba da gudu ba sai ka riƙe ba. An yi shi ne don kada yatsa ya gaji. Yarona yana goge wata ƙofa ta maɗaci, ya kulle makunnin, sai aka ɗauke wuta. Ya ajiye injin a kan ƙofar yadda yake, bai zare fulogi ba, ya zauna gefe yana cin rogo. Ni ina waje muna ciniki da wani. Wuta ta dawo. Injin ya tashi da kansa ya zabura a kan ƙofar, yaro ya kai hannu zai tare. Bel ɗin ya ja yatsunsa biyu ya cusa su ta bayan injin, inda bel ke shigewa ƙarƙashin murfi. Ihun da ya yi har masu walda na bayanmu sun fito. Sai da muka kwance bel muka zare hannun. Farce babu, naman kan yatsun ya tafi, ana ganin fari.

Ni na kai shi asibiti, ni na biya komai har aka sallame shi. Yaron nan uwarsa ce ta kawo min shi tana roƙo, ban karɓi ko sisi na koyo ba, kullum ina ba shi na abinci da na mota. Amma kawunsa ya kai ni wurin 'yan sanda wai na nakasa musu ɗa. Na sayar da babur ɗina kafin maganar ta mutu. Mai ƙofar kuma ya ce injin ya yi mata rami, ya karɓe kuɗinsa. Yau yaron yana wucewa ta gaban shagona ba ya gaishe ni.

Mai Kujerun Kawo:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Baba. Wannan maɓalli a ƙasarmu da wuta ke zuwa ba sallama, gara a hana yara taɓa shi gaba ɗaya.

Maman Yara, mai kayan ɗakin amare:
Baba ka yi haƙuri, amma ni uwa ce. Yaro ɗan 15 a bar shi shi kaɗai da inji? Kawun ma yana da hujja.

Baba na Panteka:
Hajiya, ke saro kike yi ki sayar, ba ki taɓa koya wa ɗan wani sana'a ba. Ni ina shekara 12 na fara riƙe zarto. Idan ba mu ba su inji ba yaushe za su iya? Kullum sai na gaya masa ya zare fulogi.

Maman Yara, mai kayan ɗakin amare:
Zarton hannu daban, abin da ke tashi da kansa daban. Kafintoci huɗu ke min aiki, na san abin da nake gani a shagunansu. Yara da jallabiya mai faɗin hannu suna goga, wayar wuta tana jan ƙasa a gaban inji.

Ɗan Tudun Wada:
Ni abin da ya tsaya min, rogon fa, an ƙarasa ci?

Mai Kujerun Kawo:
Kai dai ba ka da lokacin wasa. Sabon Kafinta, ji nan. Maganar Hajiya ta waya gaskiya ce, ka rataya ta a kafaɗa ta bi bayanka, ka naɗe hannun riga. Ka ɗaure katakon a benci, ko ka buga ɗan guntu a bayansa ya tokare, don bel ɗin baya yake harba katako, kai kuma injin gaba yake jan ka. Hannu biyu kullum. Ka kunna shi a sama ya ɗauki gudu sannan ka sauke a hankali, in za ka kashe ka ɗaga tukuna. Kada ka danna, nauyinsa ya isa, dannawa ce ke ƙona katako ta kashe inji. Ni ina zizara fensir a kan allon duka, inda fensir ya goge na san na wuce. Malaina ba ta da tauri, ka fara da samfefa lamba 80 ka gama da 120 da ta fi laushi. Lamba 40 ko 60 sai katakon da zarto ya bar wa kaushi sosai. A cikin bel akwai kibiya, ka daidaita ta da ta jikin inji, sannan ka juya inji sama ka murɗa ɗan ƙullin gefe har bel ya tsaya tsakiya, in ba haka ba zai riƙa cin jikin injin. Duk canjin bel, fulogi a zare.

Mai Riwayin, Kakuri:
Duk kun bar abin da ya tambaya. Janaretan da aka rubuta 950, ƙarfinsa na gaskiya wajen wat 650 ne zuwa 800. Inji mai 1200 ba zai ɗauka ba, ga shi lokacin tashi ya fi jan wuta. Ƙaramin yakan zo a wat 650, shi ma da ƙyar. Sannan na hannun nan, ka duba farantin jikinsa da idonka. Wutarmu volt 230 ce, kayan Amurka 120 ne. Akwai masu yanke fulogi su sa namu su sayar, kana jonawa sai hayaƙi. Irinsu ake kawo min in naɗa koyil. Ka ce a buɗe maka wurin burushi ka ga saura nawa, ka saurari ƙarar boris.

Alhaji Mai Kayan Gini:
Kai ai so kake ya sayi na hannu ya lalace ya kawo maka.

Mai Riwayin, Kakuri:
Alhaji, da haka nake so da ban ce ya duba faranti ba.

Ma'aikacin Jinya, Malali:
Ni ba kafinta ba ne, mahaifina ne kafinta. Ƙurar fa? Hukumar binciken cutar kansa ta WHO, wato Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa tun 1995, musamman ta cikin hanci, kuma ta katako mai tauri ta fi. Ƙurar loko tana tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ƙananan ƙwayoyin ƙurar, a nemi takunkumi irin wanda ake kira N95, a sa jakar ƙurar injin, a sa tabarau. Kuma a cire ƙusa kafin goga, tartsatsi yana iya kama ƙurar cikin jaka.

Baba na Panteka:
Tun kafin a haife ka nake shaƙar ƙura. Madara muke sha bayan aiki.

Ma'aikacin Jinya, Malali:
Baba da girmanka, madara ciki take zuwa, ƙura huhu. Mahaifina ma haka yake cewa, yanzu hawa matakalar masallaci sai ya tsaya ya huta.

Sabon Kafinta, Rigasa:
Na gode duka. Na koma Panteka, 230 ne a jiki, ya ce N75,000 ƙarshe. Sabon N68,000. Bel ɗin babban fa, ana samu?

Ɗan Tudun Wada:
Ana samu, N1,500 ɗaya.

Mai Kujerun Kawo:
N1,500 na banza ne, gam ɗin mahaɗin yana saki, musamman da damina in ya sha laima. Ni N3,000 nake saye. Kada ka tara da yawa, ka rataye su inda ba danshi.

Alhaji Mai Kayan Gini:
Ko wanne ka saya da wace wutar za ka yi aiki? Tun Afrilun 2024 da aka kai Band A, rukunin masu biyan wuta mafi tsada, N225 kowane yunit aka ce awa 20 za a riƙa ba mu a rana. Layinmu an sa mu ciki, kuɗin muna biya, awannin ne ba ma gani.

Mai Riwayin, Kakuri:
Ku kuna da mita ma. Mu kintace ake kawo mana, taransifoma ta ƙone mu muka yi karo-karo aka gyara, wata ya ƙare takarda ta zo kamar ba a yi komai ba.

Ɗan Tudun Wada:
Fetur kuma tun da aka cire tallafi a 2023 janareta ya zama na ado. Rabin ribar kujera a tanki take ƙarewa.

Maman Yara, mai kayan ɗakin amare:
Shi ya sa kullum in na zo karɓar gado sai a ce min babu wuta. Biki saura sati, uwar amarya tana kira na, ni ina zan sa kaina?

Baba na Panteka:
Hajiya ku fara biyan cikon kuɗi a kan lokaci, sai mu sayi mai.

Sabon Kafinta, Rigasa:
Oga na Kakuri, in na ari janareta mai 2.5 kVA na maƙwabcina, babban zai tashi? Mai injin ya ce zuwa Asabar kawai zai ajiye min.