Masu haɗa Neu5Ac da aldolas: ya kuke yi da pairubet?

Rabi'atu:
Assalamu alaikum malamai. Ga masu haɗa asid ɗin sayalik, wato Neu5Ac, daga sukarin GlcNAc a tukunya ɗaya da inzayim biyu, efimaras (mai mayar da GlcNAc ya zama wani sukari, ManNAc) da aldolas (mai haɗa ManNAc da sinadarin pairubet su zama Neu5Ac): me ke sa aikin ya tsaya tun bai kai rabi ba, kuma abin da aka samu pairubet ya cika shi?

Dakta Sani:
Wa alaikumus salam, Malama Rabi'atu. Matsalolin biyu duk daga pairubet suke. Aldolas ɗin, mai suna NanA, a cikin bakteriyar E. coli, aikinsa na asali shi ne fasa Neu5Ac ya koma ManNAc da pairubet. Mu tilasta masa muke yi ya yi baya, kuma ba ya yarda sai an cika masa pairubet, wasu har ninki 5 ko fiye na ManNAc. To, shi efimaras ba ya jure pairubet mai yawa, yana sanyaya shi. Ga shi kuma daidaiton GlcNAc da ManNAc yakan tsaya wajen kashi 80 da 20, ManNAc ɗin ne ƙarami. Idan kika zuba pairubet duka tun farko, aldolas zai cinye ɗan ManNAc da ke akwai, efimaras bai kawo sabo ba, shi ke nan aiki ya tsaya cak.

Ki raba zubin. Fara da pairubet ƙasa da yawan GlcNAc, ki bibiyi aikin, sai ya ragu ki ƙara. Haka Maru da abokan aikinsa suka yi a Japan a 1998, suka samu kilo 29 na Neu5Ac daga kilo 27 na GlcNAc, kashi 77 cikin ɗari a lissafin mol, ba na nauyi ba. Ki riƙe pH tsakanin 7 da 7.5, zafi kuma wajen digiri 25 zuwa 30, don ƙarin zafi ɓangaren fasawa yake taimaka wa. Kada ki manta da ɗan ATP, sinadarin makamashi na ƙwayoyin halitta, da gishirin MgCl2. Efimaras ba cinye ATP yake ba, tada shi kawai yake yi, shi ya sa milimola kaɗan ya wadatar.

Malam Habibu:
Dakta, ina tare da kai, amma wanda ba shi da efimaras mai kyau zai iya mayar da GlcNAc ya zama ManNAc da alkalin NaOH. A kai GlcNAc pH 11 zuwa 12 a zafin ɗaki, a bar shi kwana ɗaya ko biyu, daidaiton nan na 80 da 20 zai samu. Idan ruwan ya fara zama ruwan kasa, sukarin ne ke lalacewa, an wuce gona da iri. Sai a busar a wanke da metanol, ManNAc ya fi narkewa a ciki, yawancin GlcNAc ya rage a ƙasa a sake amfani da shi. A dawo da pH wajen 7.5 kafin a saka pairubet, domin a cikin ruwa mai alkali yakan haɗu da ɗan'uwansa ya zama datti.

Hajiya Zainab:
'Yar'uwa, wajen tacewa ne aka fi asara. pKa, wato ma'aunin ƙarfin asid, na Neu5Ac 2.6 ne, na pairubet kusan 2.5, don haka a kan kolom ɗin tacewa mai rezin Dowex 1x8, idan aka wanke da asid ɗin fomik, kusan tare suke fitowa. Dole a rage pairubet kafin kolom. Ko a sa inzayim pairubet dikabokzilas na yisti, wajen pH 6, ya mayar da shi asitaldihaid da CO2 su tafi da iska, ko a sa sodiyum baisalfait ya kama shi ya manne wa rezin da ƙarfi.

Amma ki cire aldolas tukuna. Wannan ne abin da ya fi ba ni takaici in ga an yi: ana cire pairubet alhali aldolas na nan da ransa, sai ya juya ya fasa Neu5Ac ɗin da aka wahala a kai. Matata mai kilodalton 10 ta isa ta tare shi, ko a ɗaure shi a kan rezin Eupergit C tun farko, kamar yadda kamfanin magunguna na Glaxo suka yi lokacin da suke samar da Neu5Ac don maganin mura zanamivir. Bayan kolom, rotabaf, na'urar ƙafar da ruwa, kada ya wuce digiri 40, don asid da zafi tare suna ɓata shi. Ki kaurara ruwan, ki zuba asid ɗin asitik tsantsa kamar ninki 5, ki ajiye a digiri 4, cikin 'yan kwanaki zai sauka fari fat.

Aminu:
Ƙari kaɗan, Hajiya. Gwajin tayobabiturik na Warren a nanomita 549 Neu5Ac kawai yake nunawa, ba zai tona pairubet ba. A gwajin na'urar NMR cikin ruwan D2O, layukan Neu5Ac su ne: H3 na siffar beta yakan fito wajen 1.8 da 2.2, asitil wajen 2.05. In aka ga layi guda tsaye kusa da 2.35, pairubet ne bai fita ba, a mayar da shi kolom.