Abin da aka tattauna kan ƙarfen balans na mota

Ga abin da na tsinto daga muhawarar direbobi da makanikanmu na Agege da Idi-Araba a Legas kan ƙarfen balans, wato ƙarfen da ke haɗa tayar dama da ta hagu don rage kwanciyar mota a kwana:

1. Kowa ya yarda ƙarfen nan ba ya ɗaukar nauyin mota, aikin sifirin ne. In tayoyin gaba biyu suka hau tudun rage gudu tare, juyawa kawai yake a cikin bushinsa, wato robar da ke riƙe da shi, bai ƙara taurin komai ba.

2. A kwana, ko taya ɗaya ta faɗa rami, sai ya murɗe, taurinsa ya haɗu da na sifirin. Shi ya sa mai kauri ke jijjiga mutum a ramukan Apapa.

3. Kauri ba wasa ba: daga milimita 20 zuwa 22, tauri na ƙaruwa da kusan kashi 46 cikin ɗari. Gajeren hannu, wato lanƙwasasshen ƙarshen ƙarfen da ke zuwa wajen taya, ma yana ƙara shi.

4. Nan aka rabu. Wasu na son mai kauri a gaba don mota ta daina kwanciya. Wasu suka ce sai ta riƙa ƙin shan kwana, gabanta na turawa waje. Mai kauri a baya kuwa, baya ke fizgewa. Ni dai na masana'anta ya ishe ni.

5. Ƙwanƙwasa a gargada? Duba linkej, wato ɗan sandan da ke haɗa ƙarshen ƙarfen da ƙafar mota, da bushin kafin ka nufi kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo.