Sabunta dokar yanka filaye: wane sashe ne ya fi ba da wahala a aikace?

Mai tsara birane:
Assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin gyaran dokar yanka filaye, ko yake aiki da ita a fili, don Allah ya faɗa mana sashen da ya ga yana kawo cikas da yadda ya kamata a rubuta shi. Bari in fara da nawa. Tsofaffin dokoki sukan tsananta a inda abu ke gyaruwa, su yi sako-sako a inda ba ya gyaruwa. Za ka ga an kafe cewa fuloti ba zai gaza ƙafa 50 a 100 ba, amma ba a ce uffan a kan inda babban titi zai ratsa ba. Fuloti ana iya raba shi gobe, ko a haɗe biyu. Layin da aka yanka mita huɗu aka gina gidaje hagu da dama kuwa, ba ya faɗaɗuwa sai da rusau da biyan diyya. Hukumar UN-Habitat, ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da birane da matsugunai, ta ba da shawarar tituna su ci aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙasar unguwa, tsawonsu ya kai kilomita 18 a kowace murabba'in kilomita. Ni a ganina a fara shata manyan hanyoyi masu faɗin mita 30, kimanin kilomita ɗaya tsakaninsu, tun wurin yana gona. Layin cikin unguwa kuma mita 12: shida na mota, ɗaya-ɗaya na lambatu, bibbiyu na masu tafiya a ƙasa da turakun wuta da bututun ruwa. Ko ba a samu halin zuba kwalta yau ba, a bar gurbin.

Safiyo:
Wa alaikumus salam, Malam. Abu biyu daga ɓangarenmu. Na farko, ya kamata doka ta ambaci tsarin lambobin awo guda ɗaya da kowa zai yi aiki da shi. Tsohuwar taswira da sabuwar na'urar GPS sau da yawa ba a kan ma'auni ɗaya suke ba, kuma bambancin yakan kai gomman mitoci, sai a wayi gari fuloti ya hau kan titi a takarda alhali a ƙasa yana wurinsa. Na biyu, kada a karɓi turakun siminti na iyaka sai bayan an gama share hanya. Idan aka kafa su kafin gireda ta shiga, rabinsu za ta tumɓuke, leburori su mayar da su da ido. Daga nan rikicin iyaka ke somawa, ba kuma ya fitowa sai ranar da za a haƙa harsashin katanga.

Injiniyan magudanan ruwa:
Sashen ruwan sama shi ne ya fi buƙatar a sake rubuta shi daga tushe. Yawancin dokoki cewa kawai suke yi mai yanka ya samar da magudana, ba su faɗi girmanta ba, ba su faɗi inda za ta zuba ba.

Ga lissafi a sauƙaƙe. A ce hekta 10 ce, ruwa yana sauka milimita 60 a awa. Tana gona, ƙasa tana shanye mafi yawansa, a ce kashi 20 cikin 100 ne ke gudana, wato kusan lita 330 a daƙiƙa. Da zarar an rufe ta da kwano da siminti da kwalta, abin da ke gudana yakan kai kashi 70, wato kusan lita 1,170 a daƙiƙa. Ya ninka sau uku da rabi, kuma duk kan unguwar da ke gangare zai sauka, mutanen da ba su sayar ba su saya ba. Shi ya sa nake son a rubuta ƙarara cewa ruwan da zai fita daga wurin bayan gini kada ya wuce wanda ke fita kafin gini. Mai yanka ya ware kududdufin tara ruwa a wuri mafi gangare, mai ƙaramar mafita da ke sakin ruwan a hankali.

Inda ake tafka kuskure shi ne a auna kwalbati da ruwan filin kaɗai, a manta da wanda ke gangarowa daga sama, da kuma cewa gonakin saman ma wata rana gidaje za su zama. Sannan hanyar ruwa ta asali, ko da kwari ne da ke bushewa da rani, a cire ta daga cikin fuloti gaba ɗaya, a sa mata tazara a gefe biyu a kan taswirar da za a yi wa rajista. Idan aka bar ta a cikin fulotin mutum da sharaɗin kada ya toshe, zai cike ta da ɓaraguzai ya yi ɗaki, kuma ban ga laifinsa sosai ba tunda da kuɗinsa ya saya. A kuma sake duba alƙaluman ruwan sama da dokar ke dogaro da su, domin wasu an tattara su ne shekaru da dama da suka wuce.

Mai yanka filaye:
Injiniya, na yarda da kai a kan ruwa, amma a ji ta bakinmu. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Cire kashi 30 na titi da kashi 10 na makaranta da asibiti da filin wasa, saura 6,000. Idan doka ta dage sai ƙafa 50 a 100, wato kusan murabba'in mita 465, fuloti 12 za ka fitar, kuma su 12 ɗin ne za su ɗauki nauyin titi da kwalbati da transfoma. Idan aka halatta murabba'in mita 200, fuloti 30 ne. Mai ƙaramin ƙarfi bai iya sayen na farko, sai ya tafi awon igiya inda babu titi babu lambatu. Birnin Houston na Amurka ya rage mafi ƙanƙantar fuloti a tsakiyar birni daga murabba'in ƙafa 5,000 zuwa 1,400 a 1998, ya faɗaɗa sassaucin zuwa sauran birnin a 2013. Ku riƙe titi da hanyar ruwa gam, ku sakar mana girman fuloti. Kuma a sa wa hukuma wa'adi, a ce kwana 60, ta amince ko ta rubuto dalilin ƙi. Jiran da ba shi da iyaka yana korar mutane daga bin doka fiye da tsadar aiki.

Jami'ar duba-gari:
Alhaji, ƙaramin fuloti yana da sharaɗi. Inda babu ruwan famfo da bututun kwasar ƙazanta, kowa rijiyarsa da masansa zai haƙa. Tazarar da aka saba nema tsakaninsu mita 30 ce, gindin ramin kuma ya zama aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa. A fuloti mai mita 10 a 20 wannan ba zai yiwu ba, masan maƙwabci yana jikin rijiyarka. Don haka a ɗaure girman fuloti da irin ruwan da unguwar za ta sha: an ja famfo, a ba da ƙarami, ba a ja ba, a hana.

Ɗan kwana-kwana:
Motarmu ta kashe gobara tana buƙatar hanya mai faɗin mita shida da babu abin da ya tare. Layin da ya toshe a ƙarshe, idan tsawonsa ya wuce mita 45, a yi masa wurin juyawa. Kusurwar layi kuma a yanke ta, a hana katanga da turken wuta zama a kanta, don a nan muka fi maƙalewa.

Lauya:
Duk abin da kuka lissafa, idan aka bar mai yanka ya sayar kafin ya yi aikin, ya zama rubutu a kan ruwa. A raba amincewa mataki uku: zanen farko, cikakken tsari da lissafin injiniya, sannan taswirar ƙarshe. Ba za a yi wa kowane fuloti rajista ba sai an kammala titi da magudana, ko an ajiye lamunin banki, wato takardar da banki ya tsaya zai biya idan mai yanka bai yi aikin ba, da ya ɗara kuɗin aikin, a ce da kashi 10 zuwa 25, saboda tashin farashi. Wanda ba shi da banki, hukuma ta riƙe takardun fuloti ɗaya cikin biyar. Kada a saki lamunin duka ranar karɓar aiki, a riƙe wani kaso har damina ta wuce a ga abin da kwalbati zai yi.

Filin makaranta da na asibiti a mallaka wa hukuma shi da takarda a ranar rajistar taswira. Wanda aka bari da sunan mai yanka, bayan 'yan shekaru fuloti yake komawa.

Ga wata kafa da ake yawan bari a buɗe. Ana sauƙaƙa wa ƙaramar yanka, kamar rabon gado ko raba fili gida huɗu a bakin titin da ke akwai, kuma daidai ne. Amma sai mutum ya raba gona huɗu, kowane kashi ya sake raba shi huɗu, ya fitar da fuloti 16 babu titi ko ɗaya. A rubuta cewa ana ƙirga duk yankan da aka yi daga asalin filin cikin shekara biyar.

Mai tsara birane:
Madalla, Barista. To masu takardun da ke gaban hukuma ranar da sabuwar doka ta fara aiki fa? A nan kwamitoci suka fi taƙaddama.

Lauya:
A duba matakin da kowa ya kai, Malam. Wanda ya samu amincewar cikakken tsari ya ci gaba a kan tsohuwar doka, amma a ba shi wa'adi, shekara biyu ko uku, ya fara aiki a ƙasa, in ba haka ba amincewar ta faɗi. Wanda zanen farko kawai ya miƙa ya koma sabuwa. A kuma fayyace cewa sai cikakkiyar takarda ake ƙirgawa, don da an ji gyara na tafe za ka ga an yi ta turo zane marar lissafin ruwa domin kama layi. Sharaɗin hanyar ruwa da filin ambaliya kam ni zan so ya hau kan kowa, har da mai tsohuwar amincewa, muddin bai sayar da fulotin ba tukuna.