Wai kambun 2021 kyauta aka ba Verstappen?

44 Har Abada: Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya na kawo maganar nan ba wanda ya tanka min, to ga ni na dawo da ita. Alƙalan tseren motoci na Formula 1 ne suka ɓata gasar 2021, kuma tun kafin a je Abu Dabi suka ɓata ta. A Birazil, zagaye na 48, Verstappen ya tura Hamilton waje a kwana ta 4, su biyun duka suka bar titi, alƙalai suka ce ko bincike ba za su yi ba. A makon tseren nan dai aka soke wa Hamilton sakamakon share fage, wanda ke tantance gurbin da kowa zai tashi, don fiffiken bayan motarsa ya buɗe fiye da ƙa'ida da milimita 0.2. Milimita 0.2 kora, tura mutum waje kuma shiru. Shirun nan ne ya haifi haukan da aka yi a Jidda, don yaron ya ga ba mai tsawata masa. Hukuncinsu ba shi da ma'auni ɗaya, shi ya sa a ƙarshe aka miƙa masa kambu kyauta.

Jan Bijimi: Wa alaikumus salam. Kyauta? Kyauta fa ka ce?

Jan Bijimi: Mutumin da ya ci tsere 10 cikin 22, naka ya ci 8, shi aka ba kyauta? Janye kalmar nan tukuna sannan mu yi magana.

44 Har Abada: Malam ka karanta daga sama mana. Maganar alƙalai nake yi.

Jan Bijimi: Na karanta. Duk doguwar hanyar da ka bi, a kan kyauta ka sauka.

Anti Mai Lissafi: Ku bari in ajiye lambobi kafin ku cinye juna. Sun shiga tseren ƙarshe kowa da maki 369.5. Aka tashi Verstappen na da 395.5, Hamilton na da 387.5. Tazarar maki 8 ce. Wanda ya tara 369.5 da hannunsa kafin ranar ƙarshe, ban ga yadda za a ce duk kyauta ba ne.

44 Har Abada: Yawwa Anti, na gode da kika kawo rabin makin nan. Daga ina ya fito? Daga Beljiyam, ranar da ruwan sama ya hana tsere, suka ɗan zaga a bayan motar tsaro, wadda ke shiga gaba ta rage musu gudu in akwai haɗari, aka ce an gama. Aka ba Verstappen 12.5, aka ba Hamilton 7.5, aka kuma rubuta wa Verstappen nasara. Cikin goman da Jan Bijimi ke taƙama da su har da wannan. In wannan ba kyauta ba ce, mene ne sunanta?

Jan Bijimi: Wa ya hana naka zama na farko a share fagen Asabar? Har Russell a motar Williams ya riga shi. Ruwan a kan mutum ɗaya ya sauka?

Baffa Tsohon Hannu: 'Ya'yana, kyauta ita ce abin da aka ba ka ba tare da ka yi masa wahala ba. Abin da ya faru a Beljiyam sa'a ce. Ku riƙa bambanta su.

44 Har Abada: Ranka ya daɗe, sa'a daga sama take zuwa. Wannan kuwa mutane ne suka zauna suka yanke.

Jan Bijimi: Tunda kyauta ake lissafawa, mu je Silverstone. Zagayen farko, kwanar Copse, Hamilton ya taɓa tayar bayan Verstappen, Verstappen ya tafi ya daki shinge da ƙarfin 51G, aka wuce da shi asibiti a duba shi. Alƙalai da kansu suka ce Hamilton ne ya fi laifi. Hukunci? Sakan 10. Aka ɗaga jar tuta aka dakatar da tsere, aka gyara masa mota a tsanake, ya dawo ya ci tseren. Tazarar maki 33 ta koma 8 a yini ɗaya. Wa aka ba kyauta a nan?

Baffa Tsohon Hannu: Alƙalai laifin suke aunawa, ba sa auna ɓarnar da ta biyo baya. Da Verstappen ya ɗan juya ne kawai ya ci gaba, hukuncin dai shi ke nan. Haka tsarin yake, kuma ƙungiyoyin sun san da shi.

Jan Bijimi: To tsarin ya yi wa wani daɗi. Tsere na gaba a Hangari, Bottas, abokin aikin Hamilton, ya makara da birki a kwanar farko ya tarwatsa motoci, Verstappen ya ƙarasa da rabin mota ya zo na 9. A Imola kuwa naku ya zame cikin tsakuwa shi kaɗai, har an yi masa zagaye guda, jar tuta ta dawo da shi ya zo na biyu. Kyauta kan kyauta.

44 Har Abada: Ka manta Monza da Verstappen ya ɗora mota a kan Hamilton? Ba don ƙarfen halo mai kare kan direba ba da wani labari ake yi. Me aka yi masa? An mayar da shi baya da gurbi 3 a Rasha, inda dama zai canja inji ya tashi daga ƙarshe. Hukuncin da bai taɓa shi ba ko kaɗan.

Sabon Shiga: Don Allah ku yi haƙuri, ni sabo ne. Me ya faru ne a Abu Dabi da kowa ke ambata?

Jan Bijimi: Ga irinsu nan, 'yan Netflix.

Anti Mai Lissafi: Kai Jan Bijimi, kai da sitiyari aka haife ka? Ƙanena, ga yadda aka yi. Ranar 12 ga Disamba 2021, tsere mai zagaye 58. Hamilton na gaba da sama da sakan 10, sai Latifi ya yi haɗari a zagaye na 53, motar tsaro ta fito. Verstappen ya shiga ya sa sababbin tayoyi masu laushi, Hamilton ya zauna a kan tsofaffi masu tauri da ya sa tun zagaye na 14. Motoci 5 da aka yi wa zagaye suna tsakaninsu. Daraktan tsere, Michael Masi, ya fara cewa kada su wuce motar tsaro, daga baya ya ce waɗannan biyar ɗin kaɗai su wuce, sauran su tsaya inda suke. Doka ta ce bayan sun wuce sai ƙarshen zagaye na gaba motar tsaro za ta shiga, da an bi haka da a bayanta za a gama. Shi kuma ya janye ta nan take. Aka saura zagaye ɗaya, Verstappen ya wuce a kwana ta 5.

44 Har Abada: Kyauta.

Jan Bijimi: Wucewa ya yi a kan titi kowa na kallo. Me ya hana Mercedes, ƙungiyar Hamilton, canja taya?

Anti Mai Lissafi: A nan kam ba ka yi adalci ba. Da Hamilton ya shiga, Verstappen zai zauna a waje ya karɓe gaba, in aka gama a bayan motar tsaro shi ke nan sun zubar da kambu da hannunsu. Sun yi lissafi da dokar da ke rubuce.

Jan Bijimi: Anti, ai dama na san inda kika karkata. Lissafin naki kullum gefe ɗaya yake faɗuwa.

Anti Mai Lissafi: Ɗazu da na ce ba duk kyauta ba ne ba ka ga karkata ba.

Jan Bijimi: To zagayen farko na ranar fa? Hamilton ya yanke kwana ya bi ta waje ya riƙe gaba, alƙalai suka ce ba komai. Wannan ba ku ganinta.

44 Har Abada: Tura shi aka yi! Ina kake so ya bi? Kuma ita hukumar FIA mai kula da gasar da kanta ta cire Masi a Fabrairun 2022, rahotonta ya ce an yi kuskuren ɗan'adam, ta kuma gyara dokar ta ce duk motocin da aka yi wa zagaye ne za su wuce. Mutum ba ya gyara abin da bai lalace ba.

Jan Bijimi: Rahoton nan dai ya ce da kyakkyawar niyya ya yi, kuma sakamako ya tabbata. Kuskure ka ce yanzu. Kuskure daban, kyauta daban. Ka ga ka janye da bakinka.

44 Har Abada: Ban janye ba. Kuskuren wani ya zama kyautar wani.

Ɗan Ferrari: Ina ta kallonku ina dariya. Masu kukan kyauta su tuna 2008. Hamilton maki 98, Massa na Ferrari 97. A Singafo Renault ta sa direbanta Piquet ya yi haɗari da gangan, motar tsaro ta fito, tseren Massa ya lalace. Ba wanda ya soke sakamakon. Kambun Hamilton na farko ke nan.

44 Har Abada: Renault ce ta ce wa Ferrari ta saki Massa da tiyon mai a jikin mota?

Ɗan Ferrari: Ba don haɗarin ba ai da bai shiga a cikin wannan ruɗani ba.

Baffa Tsohon Hannu: Ɗana, kai da kake son jar motar Ferrari, ka yi a hankali da tone-tone. Gwaninku Schumacher ya yi karo da Hill a Adelaide a 1994 ya tafi da kambu da maki ɗaya. A 1997 a Jerez ya sake gwadawa da Villeneuve, aka soke shi daga jadawalin shekarar gaba ɗaya.

Ɗan Ferrari: Baffa, da girmanka, 1994 a Benetton yake, ba ruwan Ferrari. Kuma motarsa ta riga ta daki bango, ba da gangan ba ne.

Baffa Tsohon Hannu: Na kalli tseren nan lokacin ba a haife ka ba.

Ɗan Ferrari: Shekaru ba hujja ba ne, Baffa. Bidiyon yana nan kowa na iya kallo.

Baffa Tsohon Hannu: To tunda abin ya kai ga haka, na yi shiru. Yaran yanzu sai addu'a.

Jan Bijimi: Ka ba Baffa haƙuri kawai, ka wuce gona da iri.

Ɗan Ferrari: Kai da ka kira baƙo ɗan Netflix kake koya min ladabi?

44 Har Abada: Jama'a an bar maganar fa. A Jidda Verstappen ya taka birki a gaban Hamilton har Hamilton ya dake shi, aka ƙara masa sakan 10 bayan an gama, ya zauna a na biyunsa. Sannan ƙungiyarsa Red Bull ta wuce iyakar kuɗin kashewa na shekarar, aka ci ta tarar dala miliyan 7, ba a taɓa maki ko ɗaya ba.

Jan Bijimi: Naka ya danna maɓallin da ya hargitsa masa birki a Baku ya zarce a kwanar farko, ya zo na 15, alhali tayar Verstappen ta riga ta fashe. Maki 18 ko 25 ya zubar a ranar, tazarar kuwa 8. Shi ya yi kyautar da hannunsa.

Shugaban Zaure: To ya isa haka, bari in taƙaita. Ni ba na kowane ɓangare. An yi muhawara a kan ko kambun 2021 kyauta ne, kuma mafi yawa sun nuna ba kyauta ba ne. Anti ta kawo lambobi da suka tabbatar Verstappen ya fi maki. An nuna yadda aka cuce shi a Silverstone da Hangari, ga fashewar taya a Baku, duk da haka ya yi haƙuri ya kai ƙarshe. A Abu Dabi an samu ɗan saɓani a kan motar tsaro, wanda FIA ta ce da kyakkyawar niyya aka yi, Mercedes ma ta fasa ɗaukaka ƙara. Shi mai rubutun ya amince daga baya cewa kuskure ne, muna yaba masa. Daga yanzu duk wanda ya sake rubuta kalmar nan a kan zakaran duniya zan goge. Ɗan Ferrari, ka nemi Baffa a gefe ka ba shi haƙuri.