An ce mu jira gwaji kafin a faɗa mana mace ce ko namiji

Mai Jego ta rubuta:

Assalamu alaikum. Yau kwana biyar da haihuwata ta uku. Da ungozoma ta ɗaga jaririn sai ta yi shiru, ta kira wata, ita ma ta duba ta yi shiru. Na ce me na samu? Suka ce in bari likita ya zo. Da ya zo ya ce al'aurar ba ta fito sarai ba, akwai abu kamar na namiji amma ƙarami, kuma ya laluba bai ji 'ya'yan maraina ba. An ɗebi jini. Gurbin jinsi a katinmu har yanzu babu komai a ciki.

Yana shan nono, yana riƙe yatsana gam. Amma waya ba ta huta ba, kowa tambayarsa ɗaya. Wata a dangin mijina ta ce mata-maza ne, a yi masa aiki tun yanzu a wuce wurin, in ba haka ba zai taso yana sha'awar jinsinsa. Maganar nan ta hana ni barci. Gaskiya ce? Kuma wani abu na ci ko na sha da cikin?

Nas ta Ɗakin Jarirai ta amsa:

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, barka da arziki. Kafin maganar mace ko namiji, akwai abin da ya fi gaggawa. Idan ba a ji maraina ba, abin da likitoci suke fara zargi shi ne ciwon da ake kira CAH. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta mai fitar da sinadarai. Idan ta kasa yin sinadarin kotizol, sai ta riƙa zubo sinadarin maza da yawa tun a ciki, jaririya mace ta fito da gaba mai kama da na namiji, alhali mahaifarta da ƙwayayenta suna nan lafiya. Ana samunsa a kusan haihuwa 1 cikin 15,000.

Haɗarin shi ne da yawansu jikinsu ba ya riƙe gishiri, kuma hakan ya fi bayyana a mako na biyu zuwa na uku. Idan kika ga amai, ƙin kama nono, yawan barci, rama, ko maɗiga ta lotsa, ki koma asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. Ki tambaya ko an auna gishirin jininsa, ba gwajin kuromozom, mai duba ƙwayoyin halittar jinsi, kaɗai ba.

In CAH ne, babu ruwan abin da kika ci, gado ne daga uwa da uba tare, kowanne yana ɗauke da shi bai sani ba.

Malam Mai Nazarin Halayya ya amsa:

Baiwar Allah, waccan da ta ba ki shawara ta cakuɗa abubuwa uku. Yadda jiki yake daban, yadda mutum yake jin kansa a ransa, mace ko namiji, daban, wanda zuciyarsa za ta karkata gare shi idan ya balaga shi ma daban. Babu likitan da zai dubi jariri ɗan kwana biyar ya faɗi na ukun, kuma wuƙar tiyata ba ta saita shi. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1990 ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtuka, don haka ba abu ba ne da ake yi wa rigakafi a ɗakin tiyata.

Na biyun ne ya sa nake tsoron gaggawa. An taɓa ɗauka cewa yaro yumɓu ne, duk yadda aka raine shi haka zai zama. David Reimer, wanda aka haifa a Kanada a 1965, namiji ne lafiyayye da kaciya ta lalata masa gaba. Wani masanin halayya, John Money, ya ba da shawarar a yi masa aiki a raine shi a mace. Yaron bai taɓa jin kansa mace ba, da aka faɗa masa gaskiya yana shekara 14 ya koma namiji. Duk sanda na tuna shi sai zuciyata ta yi nauyi. Aikin da za a yi don fitsari ya fita ko don ceton rai ba ya jira. Wanda za a yi don idon mutane kuwa, abin da aka yanke ba ya dawowa. A jira sakamako, a zauna da likitan sinadaran jiki na yara da likitan tiyata tare.

Uwar Mai CAH ta amsa:

Na bi ta nan. Tawa shekararta tara, tana shan haidurokotizon, maganin da ke maye gurbin kotizol, sau uku a rana da maganin riƙe gishiri, in zazzaɓi ya kama ta muna ƙara adadin kamar yadda likita ya koya mana. Mace take jin kanta, kamar mafi yawan masu irin nata. Abin da nake nadama shi ne yadda na bari ana buɗe mata zane duk wanda ya zo ya leƙa. Kada ki bari. Masu waya ki ce musu jariri yana ƙarƙashin kulawar likita, za ku sanar. Ya ishe su.

Mai Jego ta sake rubutawa:

Allah Ya saka muku da alheri. Na karanta wa maigidana duka, ya ce maganar aiki a ajiye ta. Tun la'asar sau biyu yana amai kuma bai kama nono sosai ba, ga mu nan muna shirin komawa asibiti. Ku sa mu a addu'a.