Mesata tana amayar da ɓera, tsutsar ciki ce?

Mai tambaya, Bukuru: Assalamu alaikum jama'a. Ina kiwon ƙaramar mesa a akwatin gilashi. Tana haɗiye ɓera lafiya, bayan kwana biyu ta amayar da shi, ga rama har ƙashin bayanta ya fito. Kashinta ruwa-ruwa ne, da wari sosai. Hankalina ya tashi. Ta yaya ake gane tsutsa?

Amsa daga Rayfield: Wa'alaikumussalam Malam. Fara duba ɗumin akwatin. Sanyin Jos kaɗai yakan hana maciji narkar da abinci.

Wani ma'aikacin ɗakin gwaji: Gaskiya ne, amma ido ba ya yanke hukunci a nan. Ɗebi kashin tun yana sabo, baƙin ɓangaren, domin farin nan mai kama da alli fitsarinta ne. Saka a roba mai murfi, ka kai wa likitan dabbobi a ranar, ko ka tuntuɓi cibiyar binciken dabbobi ta Vom. A can ana dama shi da ruwan gishiri mai kauri, ƙwan tsutsa su taso sama, a duba a madubin likita. Wasu ƙwan na tsutsar ɓeran da ta ci ne, wucewa kawai suke yi.

Abin da na fi tsoro shi ne Cryptosporidium, wani ɗan ƙaramin ƙwaron cuta da ke kama cikin maciji. Yana kumbura tsakiyar jiki, sai da rini na musamman ake ganinsa, kuma ba kullum yake fitowa a kashi ba, don haka a maimaita gwajin. Ware ta daga sauran dabbobinka.

Mai tambaya: Na gode Yallaɓai. In ba ta maganin tsutsar awaki kafin nan?

Ma'aikacin: A'a, don Allah. Da nauyinta ake auna magani, bayan an san cutar.